Tsohuwar Windows XP a cikin sabuwar kwamfuta: amsa ga wani tela a Agege

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni tela ne a Agege, Legas, ina aikin kwamfuta a wuyan riga da gaban kaftani. Manhajar da nake zana aiki da ita tana kan wata tsohuwar kwamfuta mai Windows XP, shekara da shekaru muna tare. Yanzu ta fara mutuwa tana farfaɗowa. Na sayi sabuwar laftof mai Windows 11, manhajar ta ƙi shiga. Wani yaro a Computer Village, kasuwar kwamfuta ta Ikeja, ya ce zai saka mini XP a cikin Windows 11, su biyu su riƙa aiki lokaci guda. Gaskiya ne, ko kuɗina yake so ya ci?

Amsa: Wa'alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, yaron bai yi maka ƙarya ba. Ana yi, kuma da irin wannan aikin nake cin abinci a Ikeja. Na yi wa masu ɗab'i na Shomolu, na yi wa masu shagon magani, na yi wa teloli 'yan'uwanka. Sai dai rabin magana ya faɗa maka, rabin mai daɗin ji. Ɗaya rabin yana bayan tsohuwar kwamfutarka, inda wayoyi suke shiga, kuma shi ne zai nuna ko abin zai yiwu a shagonka. Zan zo kansa.

Kafin nan akwai abin da ba ya jira. Tunda ka ce tana mutuwa tana farfaɗowa, yau ɗin nan ka kwashe duk zanukanka ka zuba a filashi, ka sake zubawa a wani wuri na biyu. Na buɗe irin waɗannan kwamfutocin ba adadi, na san abin da ke ciki. Ta wani tela da aka kawo mini, da na cire murfin sai na tarar fankar furosesa, wato guntun da ke yin lissafin kwamfuta, ta naɗe da ɓurɓushin zare kamar sheƙar tsuntsu, 'yan gwangwanayen da ke tsaye a kan allon sun kumbura, biyu sun fara zubar da wani abu ruwan ƙasa, ƙusoshi duk sun yi tsatsa saboda laimar garin nan. Ɗan batirin agogo, mai kama da kwabo, wanda ake kira CR2032, ya daɗe da mutuwa, shi ya sa kullum da safe kwamfutar ke tashi da kwanan watan da ya wuce shekara ashirin. Duk waɗannan ana samun madadinsu a titin Otigba da ke Computer Village. Faifan ajiya ne kaɗai in ya tafi ya tafi da aikinka. Ba a fafe gora ranar tafiya, balle ranar da sallah ta rage mako biyu, shadda ta taru a kan tebur.

In za ka kwashe, ka kwashe iri biyu. Akwai fayil na asali wanda manhajar ke ajiyewa da nata tsarin, shi ne ake iya buɗewa a gyara, a ƙara faɗin aska, a rage yawan zare. Akwai kuma wanda ake ba injin aiki, galibi DST, tsarin kamfanin Tajima na Japan da kusan kowane injin aiki yake karantawa. Shi DST ɗinki kawai ya sani: allura ta je nan, ta koma can, ta tsaya a canza zare. Ko launin zaren ba ya riƙewa. Saboda haka ka fitar da kowane zane a DST don ko manhaja ta mutu inji ya ci gaba da aiki, amma kada ka yar da na asalin.

To me ya sa manhajar ta ƙi shiga sabuwar laftof? Windows 11 mai bit 64 ce zalla, XP ɗinka kuwa kusan tabbas mai bit 32 ce. Yawancin manhajojin bit 32 suna aiki a Windows 11 lafiya ƙalau, don haka ka fara gwada hanya mafi araha: danna dama a kan fayil ɗin girkawa, ka shiga Properties, sai Compatibility, ka zaɓi Windows XP, sannan ka kunna shi da ikon mai gudanarwa. Wani lokaci magana ta ƙare ke nan. In ta ƙi, ɗayan abu biyu ne. Ko dai ɗan shirin da ke girka manhajar tsoho ne mai bit 16, gadon zamanin Windows 3.1 na 1992, wanda Windows mai bit 64 ba ta taɓa shi sam. Ko kuma manhajar tana buƙatar direba, wato ɗan shirin da ke haɗa Windows da wata na'ura, misali makullin manhajar da ake cusawa a jikin kwamfuta, shi kuma direban bit 32 ba ya hawa Windows mai bit 64 ko da roƙo.

Wani zai ce a goge Windows 11 a zuba XP kai tsaye. Kada ka bari. XP ta fito ne a Oktoban 2001, ba ta san sabon faifan ajiya na NVMe ba, ba ta san USB 3 ba, ba ta san UEFI da sababbin kwamfutoci ke tashi da shi ba. Ko faifan SATA ma, in yana kan tsarin AHCI, shuɗin allo take nunawa mai lamba 7B a ƙarshe. Masu ƙera laftof ɗin kuma ba su rubuta mata direban allo ko na sauti ko na waifai ba. Za ka ɓata sabuwa, ba ka samu tsohuwa ba.

Abin da yaron yake nufi shi ne a gina wa XP kwamfutar ƙarya a cikin ta gaske. Manhaja ce za ta yi shigar kwamfuta: ta ware wani yanki na RAM ta ce ga ƙwaƙwalwarki, ta ɗauki fayil guda babba ta ce ga faifanki, ta buɗe taga a kan allo ta ce ga allonki. XP ta shiga ta zauna, a zatonta tana cikin ƙarfe ne na zamaninta. Mu masu sana'a muna ce wa Windows 11 mai masauki, XP kuma baƙuwa. Mutane suna haɗa komai su ce emuleshan, amma hanya biyu ce, kuma in ka ɗauki wadda ba taka ba za ka zagi aikin gaba ɗaya.

Ka san yadda ake sauke baƙo a kasuwar Mile 12. Mutum ya taso daga Kano da motar tumatir, mai masaukinsa Bahaushe ne, harshe ɗaya. Ɗaki zai ba shi, ya nuna masa ƙofa da famfo, sauran kuwa baƙo zai yi cinikinsa da bakinsa. Wannan ita ce hanya ta farko, wadda manhajojin VirtualBox da VMware da Hyper-V suke bi. Furosesan Intel da AMD na yau jikokin furosesan Intel 8086 ne na 1978, har gobe suna jin yaren kakanninsu. Don haka umarnin XP yana tafiya kai tsaye cikin furosesan laftof ɗinka, mai masauki yana tsaye a bakin ƙofa ne kawai yana lura kada baƙuwa ta shiga ɗakin da ba nata ba. Tun 2005 Intel ta saka wannan dabara a jikin furosesa da sunan VT-x, AMD ta biyo a 2006 da AMD-V. Shi ya sa XP a wannan hanya take gudu fiye da yadda ta taɓa gudu a tsohuwar kwamfutarka.

Hanya ta biyu kuwa ita ce baƙon da bai jin Yarbanci, mai saye bai jin Hausa, sai an sa tafinta a tsakiya. Kowace kalma sai ta bi ta bakin tafinta. Wannan shi ne kwaikwayo na ainihi, emuleshan: manhaja ce ke zama furosesan kansa, ta karɓi umarni ɗaya bayan ɗaya ta fassara. DOSBox haka yake, tun 2002. PCem da 86Box haka suke, har sun fi zurfi, domin suna kwaikwayon takamaiman allo na wani zamani, da BIOS ɗinsa, da katin sautinsa na Sound Blaster, da saurinsa daidai. QEMU, wanda wani Bafaranshe Fabrice Bellard ya fara a 2003, yana iya duka biyun. Ciniki ta bakin tafinta yana da jinkiri. Kafin 86Box ya kwaikwayi Pentium II na ƙarshen shekarun 1990 ba tare da sauti yana yankewa ba, sai kwamfuta mai ƙarfi ƙwarai ta yau. Amma tafinta yana da amfanin da mai masauki ba shi da shi: ko furosesan kwamfutar ta gaske na wani yare ne daban, aiki zai tafi.

Nan ne za ka duba laftof ɗinka tukuna. In Intel ko AMD ne a ciki, hanya ta farko taka ce. In kuwa MacBook ce mai M1 ko na bayansa, waɗanda Apple ta fara fitarwa a 2020, ko laftof ɗin Windows mai Snapdragon, to furosesan ARM ne, bai jin yaren XP, dole sai tafinta. A Mac ana amfani da UTM, wanda QEMU ne aka sa wa riga. XP za ta tashi, amma za ka ji nauyinta a hannu duk lokacin da ka ja zane mai ɗinki dubu talatin.

Mu ɗauka Intel ce ko AMD. Ni VirtualBox nake fara gwadawa, kyauta ne, na kamfanin Oracle. VMware Workstation Pro ma ya koma kyauta tun 2024, kuma a nawa gwajin ya fi haƙuri da kayan USB masu taurin kai, don haka in ɗaya ya ƙi sai a koma ɗayan. Girkawar ba ta da wani sirri. Ka shiga BIOS, wato saitin da ake shiga da an kunna kwamfuta kafin Windows ta tashi, ka tabbata VT-x a kunne yake, a AMD sau da yawa SVM aka rubuta. A VirtualBox ka ƙirƙiri sabon injin ƙarya, ka ce masa Windows XP mai bit 32. Ka ba shi RAM gigabait 1, ya ishe ta har ta yi kyauta, XP da megabait 64 aka ce za ta iya tashi, kuma ko ka ba ta gigabait 8 ba za ta ga fiye da uku da ɗoriya ba. Faifai gigabait 20, a kan IDE, tsohon tsarin haɗa faifai da XP ta sani. Furosesa guda ɗaya. Bayan ta shiga sai ka girka Guest Additions, shi ne ke sa allo ya cika, linzami ya daina maƙalewa, kuma a samu jaka guda da baƙuwa da mai masauki suke gani tare. In ka ga ɗan kunkuru kore a ƙasan tagar VirtualBox, ma'anarsa Hyper-V na Windows ya riga ya riƙe VT-x, VirtualBox yana bi ta bayansa ne, komai zai yi rarrafe. Sau da yawa abin da ke jawo haka shi ne Memory Integrity da ke cikin Windows Security. Kashe shi yana rage wa laftof ɗin kariya, don haka in jinkirin bai dame ka ba, ka bar kaza cikin gashinta.

Tambayar da nake yi wa kowa a nan: faifan CD na manhajar yana nan? Amsar da nake samu ita ce, wanda ya girka ya koma Zariya tun tuni. In haka ne, ba sabuwar XP za a girka ba, tsohuwar za a ɗauko ɗungurungum. A cire faifan tsohuwar kwamfutar, a haɗa shi da wata ta waya, a ɗauki hotonsa gaba ɗaya ya zama fayil guda. Akwai ƙaramar manhajar Microsoft mai suna Disk2vhd da ke yin wannan, VirtualBox kuma yana buɗe abin da ta fitar. Rannan da na yi wa wani dattijo haka, da tagar ta buɗe ya ga hoton jikarsa da ya sa a fuskar allo, da jakunkunansa a inda ya bar su, har da wanda ya sa wa suna "aska takwas na Alhaji sabo", sai ya leƙa ƙarƙashin tebur ya ga ko na ɓoye tsohuwar ne. Amma ba kullum take tashi a karon farko ba. XP ta saba da ƙarfen da aka girka ta a kai, in ta farka a wani jiki takan yi shuɗin allon nan na 7B, ko ta tsaya a baƙin allo har sai an taɓa zaɓin I/O APIC. Aikin mai gyara ne, kuma a kan kwafi ake yi, ba a kan faifan asali ba. Duk wanda ya ce zai gwada a kan faifanka na asali, ka karɓi kayanka.

Yanzu mu zagaya bayan kwamfutar, inda na ce magana take. Manhajojin zanen aiki masu tsada suna zuwa da makulli, wani ɗan abu da ake cusawa a jikin kwamfuta, in babu shi manhaja ba ta buɗewa. 'Yan kasuwa suna ce masa dongul. Ka duba naka. In na USB ne, mai kama da filashi, ka yi sa'a. Ana gaya wa VirtualBox cewa duk lokacin da aka cusa wannan abu, a miƙa shi ga baƙuwa kai tsaye, mai masauki ya ɗauke ido. Sai a girka direbansa a cikin XP, galibi ya yi aiki.

In kuwa mai faɗi ne, mai haƙora 25, wanda ake ɗaurewa da ƙusa biyu a ramin firinta na da, to ka zauna mu yi magana. Laftof ɗinka ba ta da wannan ramin. Za a nuna maka waya a kasuwa, USB a kai ɗaya, ramin firinta a ɗayan, a ce ga magani. Ba magani ba ce. Wayar nan maganar firinta kaɗai ta iya, shi kuwa makullin yana so a taɓa haƙoransa ɗaya ɗaya ta wani adireshi na musamman a jikin allo, abin da USB ba ta bayarwa. Na ga mutane sun sayi uku, huɗu, suna zaton ta farkon ce ba ta da kyau. Irin wannan makullin sai kwamfutar tebur mai ramin na gaske, kuma ko a nan ɗin ma, miƙa shi cikin kwamfutar ƙarya aiki ne na sa'a. In naka irin wannan ne, shawarata ba ta biyo ta kwamfutar ƙarya ba ko kaɗan: ka nemi tokumbo, wato kwamfutar tebur ta hannu, mai furosesan Core 2 Duo ko makamancinta, wadda ke da ramin firinta a bayanta, a zuba mata hoton faifanka, ka sayi ta biyu ka ajiye a leda da ɗan buhun nan mai shan laima. Da tsohuwar zuma ake magani.

Sai yadda zane ke isa inji. In da filashi kake kaiwa, babu matsala: XP ta ajiye DST a jakar da suke gani tare, ka kwafa daga Windows 11. In injin na fulofi ne, ƙaramin faifan nan mai megabait 1.44, akwai na'urar da ake kira Gotek, ana cire mazubin fulofi a saka ta, tana karɓar filashi tana yi wa inji shigar fulofi. Ka ga shi ma kwaikwayo ne, na ƙarfe. Sai dai a duba girman da injin ke karantawa, wasu tsofaffin 720 kilobait suka sani. In kuma waya ce ta taso daga kwamfuta zuwa inji, mai haƙora 9, wato siriyal, wannan tana da sauƙi fiye da ta firinta. Wayar USB zuwa siriyal tana aiki da gaske, Windows 11 za ta gan ta a COM3 ko makamancin haka, sai a gaya wa VirtualBox ya nuna wa XP ita a matsayin COM1. Ka nemi waya mai guntun kamfanin FTDI na asali. Na jabu sun cika kasuwa, kuma illarsu ba ta fitowa a gwajin minti biyu, sai aiki ya kai rabin wuyan babbar riga allura ta tsaya, ko ta tsallake layi. Shaddar wani ce a ƙarƙashin allurar nan, ba taka ba.

Bari in ɗan kauce, don na san masu karatu akwai wanda nasa ya girmi XP. In shirin na DOS ne, tsarin da ya gabaci Windows, irin na lissafin kaya mai shuɗin allo da farin rubutu, DOSBox-X ko vDos sun fi VirtualBox dacewa. Wani mai sayar da kayan mota ya taɓa kawo mini nasa, da an kunna sai ya rubuta Runtime error 200 ya mutu. Cuta ce sananniya ta shirye-shiryen da aka rubuta da Turbo Pascal: da tashi shirin yana auna saurin furosesa ta hanyar ƙirga, in furosesa ya wuce kimanin megahaz 200 sai ƙirgar ta cika ta tumbatsa. Sauri ne ya kashe shi. A DOSBox ana rage gudun furosesan ƙarya da hannu, na rage, shirin ya tashi kamar ba a yi komai ba. A nan jinkirin tafinta shi ne maganin. Windows 95 da 98 ma haka suke da tsirfa: 98 takan rikice in RAM ya wuce megabait 512, tana tuntuɓe a kan sababbin Ryzen da Intel in ba a yi mata faci ba, wato gyaran manhaja, VirtualBox kuma bai yi musu Guest Additions ba. Su 86Box ne gidansu.

Wani lokacin kuma ba a bukatar ko ɗaya. Wani malamin Islamiyya a Idi-Araba ya zo da rubuce-rubucensa na Hausa da aka buga tun zamanin Windows 98, ya ce sun lalace, duk inda ya rubuta ƙasa sai ya ga }asa, ɗaya ta koma ]aya. An ce masa sai an tayar da Windows 98 kafin su gyaru. Ba haka ba ne. A wancan zamani ana amfani da wasu haruffa na musamman da aka ɗora ƙ da ɗ da ɓ a kan maɓallan baka-baka da wasu alamomi. Haruffan kawai muka kwafo daga tsohon faifansa, rubutu ya dawo, daga baya muka musanya su da na Unicode, tsarin haruffa na bai ɗaya na yau, don ya karantu a kowace waya. Na kawo wannan ne don kada a sayar maka da babban aiki inda ƙarami zai yi.

Mu dawo kanka. In XP ta zauna, ka yanke mata intanet. A saitin VirtualBox, wajen Network, ka cire alamar katin gaba ɗaya. Microsoft ta daina yi wa XP facin tsaro tun 8 ga Afrilun 2014. A watan Mayun 2017 da WannaCry ta ɓarke a duniya, tana kulle fayilolin mutane tana neman fansa, sai da kamfanin ya fitar wa XP da faci na gaggawa duk da ya sallame ta, saboda girman ramin. Ramukan da aka gano bayan nan, mafi yawansu suna nan a buɗe. Kuma ba abin da za ka rasa, Chrome ya tsaya wa XP a fitowa ta 49, yawancin shafukan yau ba sa buɗuwa da shi yadda ya kamata. Abokin ciniki ya turo tambari ta WhatsApp, ka sauke a Windows 11, ka jefa a jakar haɗin gwiwa. Filashin mutane kuma, wanda ya zaga shagunan buga takardu na Agege kaf, kada ya shiga XP. Jakar haɗin gwiwar ma guda ɗaya tak za ka buɗe mata, ba dukan faifan laftof ba, don in cuta ta kama baƙuwa iyakar abin da hannunta ya kai za ta taɓa.

Batun lasisi a taƙaice: daina tallafa wa XP bai mayar da ita kyauta ba. Lambar da ke manne a jikin tsohuwar kwamfutarka, in irin wadda ta zo da kwamfutar ce, a ƙa'ida ta wannan kwamfutar ce kaɗai. Kuma da XP ta ga ƙarfe ya canza takan nemi a sake tabbatar da ita, ta ba da kwana uku. Ka sa mai aikin ya warware wannan a gabanka kafin ka biya, kada ka koma shago ranar huɗu ta kulle. Kwafin XP da ake saukewa a shafuka barkatai, waɗanda aka yi wa kwaskwarima da baƙin launi da suna mai ban tsoro, ba na sa su a injin da mutum ke neman abinci da shi.

Abin da ya fi burge ni a wannan tsari, wanda tsohuwar kwamfutarka ba ta taɓa ba ka ba, shi ne XP ɗin gaba ɗaya ta zama 'yan fayiloli a jaka guda. Ranar da komai ya daidaita, makulli ya amsa, inji ya karɓi zane, ka kashe ta, ka kwafe jakar nan zuwa faifan waje, ka kai gida. Laftof ta faɗi a Oshodi ko an ɗauke, ka samo wata, ka girka VirtualBox, ka buɗe jakar, shagonka ya dawo cikin awa guda. Akwai kuma abin da ake kira Snapshot, hoton halin da XP take ciki a wani lokaci: yaron shago ya taɓa abin da bai sani ba, ka mayar da ita jiya. Sai dai wannan hoton a cikin faifan laftof ɗin yake zaune, ba ya maye gurbin kwafin da ka kai gida, kuma in ka koma baya duk abin da aka ajiye a cikin XP bayan hoton ya tafi. Shi ya sa zane a jakar haɗin gwiwa ake ajiye shi kullum. Batirin laftof kuma zai raba ka da abin da ya fi kashe tsofaffin faifai a garin nan, wato NEPA ta ɗauke wuta ana tsakiyar ajiya, kafin a tayar da janareto.

Don gaba, ka fara leƙa Ink/Stitch a lokacin da babu cunkoso. Kyauta ne, yana hawa kan Inkscape, yana aiki a Windows 11 kai tsaye, yana fitar da DST. Bai kai manyan manhajojin kuɗi santsi ba, kuma hannun da ya saba da wata shekara goma sha zai yi gunaguni, amma don rubutun suna da ƙananan tambura ya isa.

In za ka koma wurin yaron, kada ka tafi da laftof kaɗai. Ka ɗauki tsohuwar kwamfutar, da makullin, da duk wayar da ke bayanta, ka ɗauki hoton bayan injin aikin a waya. Ku yi da shi cewa biya sai an ɗinka, ba sai XP ta nuna koren tudun nan da shuɗin sama ba, wannan kowa zai iya cikin rabin awa. Ya biyo ka Agege, ku ɗaura ƙyallen gwaji, ka zaɓi zanenka mafi yawan ɗinki, ka tsaya a kan injin har allura ta kai ƙarshe.